'Yata tana karanta Turanci ba gargada, amma auna fahimta na kayar da ita

Mai Keken Ɗinki, Tudun Wadan Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman da ke cikinmu.

Babbar 'yata tana aji ɗaya na babbar sakandare. In kun ji ta tana karanta Turanci da ƙarfi sai ku rantse a Legas ta tashi, ba gargada ba in'ina, har maƙwabta kan ce in riƙa yi mata addu'ar tsari daga baki. Amma littafin aikinta na Turanci duk jan biro ne. A zangon da ya wuce ta ci Lissafi, ta ci Hausa, ta ci Addini, Turanci kuwa da ƙyar ta sha.

Bari in kawo aikin gidan makon jiya ku ga abin da nake nufi. An ba su ɗan labari shafi guda a kan wani manomi da ya ƙi sayar da wakensa da kaka, ya zuba a buhunan nan masu leda a ciki ya ajiye sai da damina ta sauka. Tambayar farko ita ce me ya sa manomin ya ƙi sayarwa. Sai ta lalubo wurin da aka rubuta "refused to sell", ta kwafe sakin layin tun daga kansa har gindinsa, da sunan ƙauyen da yawan 'ya'yan manomin duk a ciki. Malaminsu ya ja layi ya rubuta "lifting", wato kwafa, ya ba ta sifili. Ta dawo gida tana cika tana batsewa, wai ai amsar tana cikin abin da ta rubuta. Da na duba kuwa tana ciki, shi ya sa na rasa abin ce mata.

Sai wadda ta fi ɗaure mini kai. An ciro "who lived near the river" daga cikin labarin, aka ce ta faɗi "grammatical name" da "function". Ta rubuta "sentence", nan ma jan biro. Ni na gama sakandare tun kafin a haife ta, Turancin da ya rage mini na karanta katin asibiti ne da rubuta awon masu ɗinki, wannan kam ya fi ƙarfina.

Ga kuma insha'i. Jimlarta ta farko ita ce "Yesterday my father buy a ram and we are very happy." An sha gyara mata wannan. In ka tsare ta da baki ka ce mene ne shuɗaɗɗen lokacin "buy", nan take za ta ce "bought". Amma da ta riƙe biro sai "buy" ya dawo.

Babanta ya ce a ɗauko malamin lesin. Mun taɓa yi wa ƙaninta, ashe malamin ne ke yin aikin yaro ya kwafa da hannunsa, makin aikin gida ya yi kyau, jarrabawa ta zo ta tona asiri. Ɗan maƙwabtanmu kuma ya nuna mata yadda ake ɗaukar hoton tambaya da waya manhaja ta kawo amsa. Na hana, har ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure.

Tana dawowa daga boko wajen ƙarfe biyu, da la'asar tana Islamiyya, tsakanin Magariba da Isha'i ne kawai muke zama tare, ni ina kan keke ko ina sa maɓalli. Me uwa irina za ta iya yi mata a wannan ɗan lokacin? Kuma don Allah mai ilimin abin ya warware mana wannan "grammatical name" ɗin da Hausa.

Tsohon Malamin Turanci, Funtuwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya saka miki da alheri da kika tsaya kika duba littafin, da yawa iyaye sai ranar karɓar sakamako suke sanin akwai matsala.

Na koyar da Turanci a sakandaren gwamnati har na yi ritaya, kuma irin 'yarki ne suka fi yawa a aji. Yaranmu sun saba da hadda da kyautata karatu da ƙarfi tun suna ƙanana, bakinsu ya goge, sai a ɗauka kan ma ya goge. Furta kalma daban, sanin abin da aka ce daban. Yadda ta amsa tambayar waken ya nuna ba ta karanta labarin don ta ji me ya faru ba. Ta ɗauki kalma daga tambaya, ta shiga farautarta a cikin labari, inda ta gan ta sai ta kwaso duk abin da ke kewaye. Kamar a ce wa yarinyar shagonki ta miƙo hannun riga ta ɗauko miki bandir ɗin yadi gaba ɗaya ta ce ai yana ciki. Malaminta bai zalunce ta ba.

Maganin wannan kuma yana hannunki fiye da hannun malamin lesin, kuma ba ya bukatar Turancinki. In ta zo da aiki, ta karanta labarin a zuci sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Sai ta kife littafin, ta ba ki labarin da Hausa kina kan kekenki. Ke kuma ki yi ta yi mata tambayar da za ki yi wa duk mai ba ki labari: wane ne ya yi, saboda me, sai kuma me ya faru? Ke ai kin san dalilin da ke sa manomi ya ɓoye wake da kaka, kin san yadda mudu ke faɗuwa in kaya sun cika kasuwa ya kuma tashi in damina ta yi nisa. In ta kawo miki labarin da bai hau hankali ba za ki gane nan take. A makon farko za ki ga tana kame-kame, tana son leƙa littafin. Ki bar ta ta sake karantawa ta sake kifewa. Kada ki yarda ta fassara miki layi bayan layi ido na kan takarda, wannan ma kwafa ce.

In labari ya zauna, sai a zo kan tambayoyi. Kowace tambaya ta fara amsa miki ita da Hausa a jimla ɗaya tak. "Saboda wake ba ya daraja da kaka." Sai ta ɗora yatsa a kan layin da ya gaya mata haka. Sannan ta rubuta da Turancinta, gajere: "Because prices are low at harvest time." Shi ke nan. Yara suna tsoron gajeriyar amsa, suna ganin kamar malami awon tsawo yake yi.

Wani wurin da suke ɓata shi ne wakilan suna. Marubuci zai ambaci manomi da ɗan kasuwa a jimla ɗaya, ya ci gaba da "he" har jimla uku, yaro bai san wa ake nufi ba kuma ba zai tambaya ba. Ki sa ta zagaye duk "he", "it", "they" da "this" da fensir ta gaya miki kowanne wa yake nufi. Aiki ne na minti biyar amma yana warware rabin rikicin.

Abin da ya sa nake matsa wa wannan, ga abin da ke jiranta a aji uku. Turancin WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 na zaɓi a kan kalmomi da ginin jimla. Ta biyu ita ce mai nauyi, awa biyu, maki 100: insha'i mai kalma kamar 450 da maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60. A sashen taƙaitawa za a ce ta kawo dalilai a jimla shida, kowane dalili jimlarsa, kuma wanda ya kwafo jimlar marubuci kai-tsaye ba tunani ba ya samun komai a kanta. Rabin makin babbar takarda ke nan ya rataya a kan abin da na ce ki riƙa yi da ita. Kuma kin san ba kiredit a Turanci, ba jami'a, ko da ta ci sauran duka. NECO ma kusan tsarin ke nan.

Yanzu "grammatical name". Wannan tambayar kusan ba ta fashi a jarrabawa, kuma makin banza ne ga wanda ya san hanya. Abu biyu ake tambaya: mene ne wannan gutsuren, kuma wane aiki yake yi a cikin jimlar da aka ciro shi. Dole ta koma ta nemo cikakkiyar jimlar, ba a amsa ta daga gutsuren kaɗai.

Da farko ta duba ko akwai aikatau mai nuna lokaci a ciki. In akwai, "clause" ne, abin da malaman Hausa ke kira ganga. In babu, "phrase" ne, wato yanki. A "who lived near the river" akwai "lived", don haka ganga ce. Sai ta tambayi kanta, wannan gangar me take gaya mini? Jimlar dai na ɗauka "The farmer who lived near the river…" ce. Wane manomi? Wanda ke zaune kusa da kogi. Tana fayyace suna ne, aikin sifa take yi. Amsa: "adjectival clause", ko "relative clause", duka an yarda. Aikinta: "It qualifies the noun farmer." Dole a ambaci kalmar. Wanda ya rubuta "it qualifies the noun" ya tsaya bai gama amsa ba.

Da a ce gutsuren "when the rain started" ne, yana amsa tambayar yaushe, sai ya zama "adverbial clause of time", aikinsa bayani a kan aikatau, ta nemo aikatau ɗin ta ambace shi. In kuma za a iya cire gutsuren a sa "it" a madadinsa jimla ta tsaya daram, na suna ne. "What the trader said annoyed him" za ta iya komawa "It annoyed him", don haka "noun clause" ne, kuma shi ne "subject" na aikatau "annoyed". Ukun nan su ne ke yawo shekara da shekaru. Ki sa ta kwafi wannan bayanin a bangon littafinta, duk labarin da aka ba su ta nemo guda ɗaya na kowanne ko ba a tambaya ba.

Batun "buy" da "bought" na bar wa malaman firamare, su ne ke ganin inda abin ke farawa.

Ɗalibin Samaru

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, ni ɗanka ne a wannan fage, amma akwai inda ban gamsu ba. Mama, ki yi haƙuri in faɗi nawa.

Tsorona shi ne in ta saba sai ta juya komai zuwa Hausa kafin ta amsa, ranar JAMB lokaci zai ci ta. Tambayoyi 180 ne a awa biyu a gaban kwamfuta, 60 daga ciki Turanci. Ba lokacin fassara a zuci. Na ga abokaina da suka fi ni ƙwaƙwalwa agogo ya kashe musu allo suna kan labarin farko. Ni a makarantar kwanan da na yi, tara ake cin ka in an kama ka kana Hausa, mun ƙi jinin abin a lokacin, amma shi ya buɗe mini baki.

Abin da ya fi taimaka mini kuma ba littafin nahawu ba ne, karatun labarai ne barkatai. Tsofaffin littattafan da ake bazawa a ƙasa a bakin kasuwar Sabon Gari, jaridar da aka naɗo ƙosai, duk abin da na samu. Ban taɓa haddace dokar "a" da "the" ba, kunnena ne kawai ya fara jin in jimla ta karkace. Yarinyar da littafin aji kaɗai take karantawa, labari ɗaya a mako, ba za ta tara kalmomin da za ta amsa da nata Turancin ba. Ana ce mata kar ta kwafa, to da me za ta maye gurbin? A saya mata littafin labari mai sauƙi, wanda ma ya yi ƙasa da ajinta, ta gama ta karɓi wani. JAMB ma kowace shekara akwai littafin labarin da take sa ɗalibai su karanta, gara ta saba tun yanzu.

Batun waya kuma Mama, hanawa gaba ɗaya ba za ta yi aiki ba, a wayar ƙawa za ta yi a makaranta kafin a shiga aji. Ni yadda nake yi wa ƙannena, sai sun rubuta tasu amsar da biro tukuna, sannan mu tambayi manhajar ina kuskuren yake kuma me ya sa. Wayar tana hannuna, ba hannunsu ba. Kuma a sani tana yin kuskure, musamman in hoton bai fito da kyau ba ko an yanke rabin labarin, za ta ƙirƙiro amsa ta faɗe ta da ƙarfin hali kamar ta tabbata.

Malamar Aji Huɗu, Bauchi

Sannunku da ƙoƙari. Tunda Malam ya jefo mana ƙwallo, bari in karɓa.

'Yar uwa, 'yarki ba mantuwa take yi ba, Hausarta ce ke aiki a ƙarƙashin Turancin. Dubi yadda muke magana: ya sayi rago jiya, zai sayi rago gobe, yakan sayi rago duk shekara. "Sayi" bai motsa ba. Abin da ke gabansa ne ke ɗaukar lokaci, ya, zai, yakan. Turanci kuwa a jikin aikatau ɗin ake sa alama. To yaron da ya tashi da Hausa in ya rubuta "yesterday" a ransa ya gama nuna lokaci, bai ga dalilin sake taɓa "buy" ba. Shi ya sa jerin "buy, bought, bought" da suke rerawa a aji ba ya biyo su cikin insha'i. Sun san jerin, hannunsu ne bai saba ba.

Abin da nake sa iyayen yarana su yi, kowane dare yaro ya rubuta jimla biyar a kan abin da ya faru yau a gidan. An ɗauke wuta, Inna ta dafa taliya, akuya ta shiga kicin. Sai ya ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ya tambayi kansa, ya wuce ko bai wuce ba? Shi zai gyara da kansa, ba ke ba. Ke naki ki tabbatar an ja layin. Washegari ya ɗauki jimlolin ya mayar da su abin da ake yi kullum, a nan ne "s" ɗin nan na "she cooks" zai fito, wanda shi ma ba mu da irinsa. In an jure wata biyu ana yi za ki ga bambanci. In ta gama insha'i kuma kada ta miƙa sai ta sake bi tana duba aikatau kaɗai, ba ruwanta da sauran.

Wasu kurakuran ma daga gida suke zuwa. "Borrow me your pen" daga ara mini ne. "I am hearing hunger" daga ina jin yunwa. In aka ce "Haven't you eaten?" yaro ya ce "Yes" yana nufin bai ci ba, don da Hausa eh ɗin gaskata mai tambaya ne. Ni ba na yi musu dariya a kan waɗannan, nakan rubuta Hausar a allo in rubuta Turancin a gefe su ga inda hanya ta rabu. Sun fi riƙe wanda aka nuna musu tushensa.

Shi ya sa ƙanena na Samaru ban bi ka ba a kan tara. Kai ta yi maka amfani, amma ka tuna mutum nawa ne a ajinku suka zaɓi yin shiru har suka gama makaranta don gudun tara da dariya? Ni su nake gani kullum. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. A nan Bauchi da Sakkwato ma an yi shirin Mu Karanta, inda ake fara koya wa yaro karatu da Hausa kafin a tsallaka da shi Turanci. Ba da labari da Hausa da Malam ya ce matakin gwaji ne, don uwa ta san ko an fahimta. In fahimta ta zauna yarinyar da kanta za ta daina bi ta nan. Amma maganarka ta littattafan labari gaskiya ce ɗari bisa ɗari, da zan samu iyaye su rage kuɗin lesin su sayi littafi da na ji daɗi.

Mai Keken Ɗinki, Tudun Wadan Zariya

Kai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya jiƙan mahaifa. Baba Malam, na karanta mata bayaninka na ganga, ta kwafa a bangon littafi kamar yadda ka ce.

Mun gwada kife littafi. Daren farko abin dariya abin tausayi. Labarin a kan gobarar kasuwa ne, ta karanta ta kife, na ce to ba ni labari. Ta ce wai akwai kasuwa, kuma akwai wuta. Na ce wa ya tayar da wutar? Shiru. Sai da ta koma ta sake karantawa kafin ta gano ashe labarin bai ce kowa ya tayar ba, zargin janareta kawai ake yi, kuma tambaya ta uku a kan wannan zargin take. Ƙannenta yanzu sun mayar da abin tatsuniya, da an idar da Magariba sai su kewaye keke su ce Yaya ta ba da labarin makaranta, in ta yi tsalle su ke kama ta kafin ni.

Ɗana na Samaru, na ji maganarka. Na ba da sautun littafi, wayar kuma na ce sai ranar Asabar, a hannun babanta.

Ga sabuwa kuma. A labarin waken nan akwai inda aka ce ta kawo kalmar da za ta maye gurbin "soared" a jimlar "The price of beans soared in July." Ta buɗe ƙamus ta ga ma'anar farko, ta rubuta "fly". An kashe. A wata kuma, "reluctant", ta rubuta amsa biyu da layi a tsakani don in ɗaya ba ta yi ba ɗaya ta yi, malamin ya kashe duka alhali ta ce ɗaya daidai ce. Wannan kuma ina laifin yake?

Tsohon Malamin Turanci, Funtuwa

Madalla, Hajiya. Waɗannan ƙannen nata kada ki kore su, sun fi malamin lesin amfani.

"Fly" ta faɗi ta fuska biyu. Ma'anar farko a ƙamus ta tsuntsu ce, nan kuwa farashi ake magana. Mu ma ai mukan ce farashi ya yi tashin gwauron zabi, ba wanda ke ɗaga kai ya dubi sama. Umarnin tambayar yana cewa kalmar ta dace da yadda aka yi amfani da ita a cikin labarin, yara ba sa karanta wannan layin. Na biyu, "soared" abu ne da ya wuce, don haka abin da zai zauna a gurbinsa dole shi ma ya zama ya wuce. Ko "rise" ta rubuta an kashe, sai "rose", ko "rose sharply", ko "increased". Suna a gurbin suna, sifa a gurbin sifa, jam'i a gurbin jam'i. Gwajin mai sauƙi ne: ta cire kalmar, ta sa tata, ta karanta jimlar gaba ɗaya. "The price of beans fly in July" da ta karanta, da kunnenta ya gaya mata. Kuma kafin ta taɓa ƙamus ta fara cankar ma'anar daga jimlolin da ke kewaye, don ranar jarrabawa ba ƙamus a zaure.

Amsa biyu kuwa malaminta ya yi mata gata da ya kashe tun yanzu. Haka ake maki a babbar jarrabawa: in ɗalibi ya kawo biyu ɗaya ba daidai ba, ba shi da komai, don bai nuna ya san wacce ce ba. Ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kanta.

In za ki sayi ƙamus, ki nemi na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's, ko tsoho ne ba komai. Kowace ma'ana da jimlar misali a ƙarƙashinta, ta riƙa karanta misalan har ta kai ga wanda ya yi kama da nata. Akwai kuma ɗan harafin U da ake sa wa sunayen da ba a ƙirgawa, shi zai raba ta da "advices" da "informations" da "furnitures", waɗanda ke cinye wa yaranmu maki a takardar zaɓi. Ƙananan ƙamus na aljihu masu kalma ɗaya ma'ana ɗaya su ne ke haifar da irin "fly".

Ki turo mini cikakkiyar jimlar da "reluctant" ke ciki da amsoshin nata biyu, in ga wacce ce take cewa daidai.